Kwalaben Gwaggo Tasalla

Ku ajiye wayar nan ku saurare ni, ke Rakiya da ke Nana, da ƙawarku da na kasa riƙe sunanta. Tun safe kuke kai da komo a madafina. Kun ɓata mini kwano guda na zoɓo, kun matse lemun tsami har da 'ya'yansa, kun fasa kwalba biyu, ga abin da kuka fito da shi nan baƙi ƙirin kamar ruwan marina. Wai kun ga wata a waya ta haɗa zoɓo mai gas cikin minti biyar tana dariya. To ta nuna muku inda ta wanke kwalabenta? Na fi shekara arba'in ina wannan sana'a a garin Agiye, har yau ban taɓa yin ta ina dariya ba.

Aikin farko da aka ba ni wankin kwalba ne, kuma wata uku ban yi wani ba. Mu mutanen Cadawa ne. A farin farko, lokacin da ruwan sama ya ƙi, rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, babana ya ɗora ni a mota ya aika ni Gidan Rumji wurin ƙanwarsa, Gwaggo Tasalla, don a rage baki ɗaya a gida. Ita Gwaggo ta yi zaman Maraɗi, mijinta kuku ne a gidan wani Bature. Da Baturen zai tafi ƙasarsu ya bar musu akwatunan kwalaben lemo masu kauri, irin masu marfin tangaran da ake dannawa da waya. A wurin mijin ta ga yadda ake sa wa ruwa gas, ita kuma ta ce me zai hana zoɓo. Da ya rasu, kwalaben nan suka zama gonarta.

Ruwa uku ake wa kwalba. Na farko da toka da 'yan tsakuwa, ki toshe baki da babban yatsa ki yi ta girgizawa har kafaɗarki ta ƙage. Na biyu ruwa zalla. Na uku ruwan zafi, ba tafasasshe ba, don kada ta tsage. Sannan ki kife kowace a kan karan gero da aka kafa cikin yashi, rana ta busar da ita. Gwaggo za ta zo ta ɗaga ɗaya ɗaya ta duba a hasken rana, ta kai hanci.

"Wagga ke kika wanke ta, ko kare ya lashe miki?"

"Na wanke, Gwaggo."

"Sake."

Wata rana ta sa na sake kwando guda saboda ƙwayar yashi ɗaya. Sai kuma robar marfi. Ba a sayar da ita a kasuwa, daga tsohuwar robar cikin tayar keke muke yanka ta da reza, zagaye kamar zobe. In ta yi kauri marfi ba ya rufuwa, in ta yi siriri gas ya gudu, ki wayi gari da ruwan zaƙi kawai. Duba yatsana, ga tabon rezar nan har yau.

Ranar da ta fara bari na dafa, sai da na tsince zoɓon kamar mai tsintar shinkafar biki. Ja mai duhu ake so, ba farin da ake miya da shi ba. Ba a dafa shi a tukunyar baƙin ƙarfe, launinsa mutuwa yake yi, sai ta ƙasa. Tafasa ɗaya ki sauke. Ki tace da farin ƙyalle sau biyu. Sukari da ɗan citta tun da zafinsa, amma lemun tsami sai ya huce, kuma a hankali ake matsa shi, don in kika murje ɓawon ɗaci ya shiga. Daga nan ki juye a randar da aka binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashi, ki bar shi ya yi sanyi sosai. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe gas. Wannan ne kuskurenku na farko, kun ɗura shi yana tururi.

Na biyu kuma garin. Bikarbonat ne, daga farmasi a Maraɗi direbobi ke kawo mana. Gwaggo ba ta awo da cokali, rabin kwasfar gujiya take cikawa ta share saman da yatsa. Ki bar wurin yatsa uku a wuyan kwalba. Hannun hagu a kan wayar marfi, na dama ya zuba garin, kafin ki kai ƙarshen bisimilla marfi ya rufe. Garin da tsamin lemu su ne ke faɗa da juna a ciki, faɗan nasu shi ne gas. In garin ya yi yawa sai ya cinye tsamin, ja ya koma baƙi, baki ya ji kamar sabulu, kwalba ta fashe. Ku kuwa na gan ku, babban cokali kuka cika, wai don ya fi kumfa. To ga kumfa nan a bangona.

Doka ɗaya ta rage, ita ce Gwaggo ke faɗi kullum: lemo ba ya kwana biyu. A yi yau a sha yau, in ya daɗe gobe.

Da aka kawo ni Agiye gidan Ilu tela, kwalba arba'in Gwaggo ta sa mini a cikin kayan ɗaki. Ni da kaina nake ɗaukar kwando a ka, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, na zauna gindin itacen bedi a bakin tasha. Masu saye kuwa kowa da halinsa. Malaman lakol, wato makarantar boko, sai sun tambaye ki me da me kika sa. Ma'aikatan buro su aiko a kai musu ofis, su riƙe kwalba kwana uku. Jandarma ya sha ya ce bai kai sanyin na jiya ba. Direbobin hanyar Damagaram su ne masu saye da yawa, su ne kuma masu sa ni hawan jini: wani ya girgiza kwalba don ya fesa wa abokinsa, wani ya ja mota da ita a hannu, in bi shi da gudu har bakin gari ina ihu. Lemon ba shi ne dukiyar ba. Kwalbar ce, don in ta tafi ba inda za ki samu irinta.

Akwai wata Bafulatana, Dudu, da ke kawo nono daga rugarsu ta wajen Gazawa. Ranar da ta fara kurɓa, gas ya hau mata hanci, ta yi tsalle ta dafe ƙirji.

"Kai Kulu! Wannan ruwa shina da rai!"

Daga ranar ba ta ƙara yarda da mai gas ba. Nakan ɗebar mata daga randa kafin in ɗura, ta ba ni nono, mu rabu lafiya. Shekara da shekaru muna haka.

Fari na biyu ya same ni da 'ya'ya uku. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Wa zai kawo wa Ilu ɗinki a shekarar da mata ke sayar da zannuwansu don tiya ɗaya ta hatsi? Keken ɗinki ya yi shiru, gidan duka ya koma kan kwandona. Yakuwa ma mutane sun cinye ganyenta tun ba ta yi fure ba, Allah ya so ina da buhu ɗaya na zoɓon bara a rataye. Lemun tsami ya koma ƙanana, busassu kamar magarya, sai ki matse goma kafin ki samu abin da uku ke bayarwa. Duk wannan da sauƙi. Ruwa ne masifar. Ki tafi rijiya da asuba, ki dawo da hantsi da tulu ɗaya, rabinsa laka. Kuma ki sha habaici a layi.

"Mu muna neman na sha, wasu na neman na kwalba."

Na ɗauki tuluna na wuce. Manyan motocin hatsi na wucewa ta tasha, direbobinsu na jin ƙishirwa, wani in ya sha ya ba ki ɗan tsaba a ƙyalle. Da wannan muke ɗora tukunya.

Dudu ce ta cece ni. Shanunsu na ta faɗuwa, nono ya ƙare, amma tana da jakai biyu, kuma dangin mijinta na da wata rijiya mai zurfi can cikin daji wadda ba ta kafe ba. Sau biyu a mako take kawo mini salka biyu, ruwa garai-garai, ni kuma in raba tsabata da ita.

Ana cikin haka aka yi wa Alhaji Bawa haihuwa. Ɗan kasuwa ne, kakanninsa daga ƙasar Katsina suka zo, kuma ya daɗe yana jiran ɗa namiji. Ya aiko aka kira Ilu, ya ce ko ƙasa za ta tsage sai an sha lemon Kulu a sunan nan, kwalba arba'in, ranar Juma'a, kuma rabin buhun gero ne ladan. Rabin buhu a wannan shekara! Na ce na karɓa tun Ilu bai gama faɗi ba. Lissafina Dudu za ta zo Alhamis, in yi a ranar, a sha da safe.

Sai ga ta ranar Litinin, ta sauke salkuna ba ta ko zauna ba.

"Kulu, kai yi haƙuri. Ruwa na ƙarshe ke nan. Nagge uku ya rage mana, gobe muna tahiya kudu."

Na tsaya ina kallon salka biyu. In na yi wa kwalba arba'in ruwa uku, abin da zai rage ba zai cika su ba. In kuma na ajiye ruwan a randa har Alhamis, ba zai kai ba. Yara za su sha, maƙwabta za su shigo da ƙoƙo, kuma ba mai fuskar hana maƙwabci ruwa a irin wannan lokaci. Amma in ya shiga kwalba ya zama na Alhaji, ba mai roƙo. Da wannan dabarar na ruɗi kaina. Na ɗauraye kwalaben sau ɗaya da ruwan sanyi, ba toka ba tsakuwa. Na dafa, na ɗura, na rufe, na jera su ƙarƙashin gado. Yashin ma ban jiƙa ba, da me zan jiƙa shi? Ga zafin bazara, ɗakin kamar tanderu.

Ranar Laraba da rana ɗaya ta fashe. Na ce tsufa ne ya kama ta. Alhamis na ɗaga wata na ga wani farin abu ya kwanta a gindinta, ruwan ya yi gauraye. Na san abin da nake gani. Na mayar da ita na ja zanen gado.

Juma'a da safe maza sun cika ƙofar gidan Alhaji a kan tabarmi, an raɗa suna, an shafa fatiha. Ni ina daga cikin zaure tare da mata muna leƙe. Alhaji da kansa ya ɗauki kwalbar farko ya durƙusa gaban liman, Malam Isuhu, ya ɓalle wayar. Ji kake fau! kamar bindiga. Jan kumfa ya yi sama ya sauko a kan farar rigar liman. Mutane suka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Sai ya kai kwalbar bakinsa, ya tsaya, ya mayar da ita hanci. Murmushin ya ɓace.

"Alhaji, wa ya yi wannan?"

"Kulu ce, Malam, matar Ilu tela."

"A kira ta."

Na fito na durƙusa a gefen tabarma. Ya miƙo mini ya ce in shinshina. Ban buƙaci shinshinawa ba, tun daga nesa warin ya iso ni, irin wanda ke bugun mutum in ya bi ta bayan kasuwa inda ake dafa burkutu.

"Yaushe kika yi shi?"

"Litinin, Allah gafarta Malam."

Ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya ce, "Kada kowa ya sha."

To ashe a cikin gida an riga an buɗe wa Iya Hajo, uwar Alhaji, har ta sha rabi. Tsohuwa ta fito tsakar gida tana tofar da yawu tana kuka, wai an ba ta giya da tsufanta, sallarta ta kwana arba'in ta tafi. Na kwashi kwalaben na zaga bayan katanga, na yi ta ɓalle su ɗaya bayan ɗaya ina tuttulewa. Ƙasa ta shanye nan take, awaki suka zo suna lasar wurin. Wata mata da ke tsaye da tulunta babu kome a ciki ta dube ni ta ce, "Salka biyu na ruwa. A wannan shekara." Ta wuce.

Kafin a sauko daga masallaci gari ya ɗauka: matar tela giya take yi, dama can wannan kumfar ta mece ce? Washegari na yi ɗan kaɗan da ruwan rijiya na kai tasha, na dawo da shi yadda na tafi. Malaman lakol suka canza hanya. Alhaji ya daina amsa gaisuwar Ilu. Abin da ya fi ba ni haushi, wasu direbobi biyu suka biyo ni har ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa, wai ko akwai sauran irin na gidan Alhaji. Da muciya na raka su. Mako biyu ba mu ga tsaba ba, sai ganyen jiga da dusa.

Wani direban ne ya kai labari Gidan Rumji. Ina zaune da rana sai na ga ana sauko da Gwaggo daga bayan babbar mota, ta tsufa, tana dogara sanda, ta rungume jarka ɗaya ta ruwa, ga 'yan lemun tsami ɗaure a bakin zane. Na taso da gaisuwa. Ta tare ni da tambaya.

"Ruwa nawa kika yi musu?"

"Ɗaya, Gwaggo."

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Ni na koya miki haka?"

Na fara ba ta labarin Dudu da rijiya. Ta ɗaga hannu.

"Hwari ya hana ki ruwa. Shi ya hana ki cewa Alhaji ba ki iyawa?"

Da safe ta tasa ni gaba har gidan liman, ina ɗauke da tukunya da kwalba shida. Ta gaishe shi, ta ce ita ce mai sana'ar, ni 'yar koyo ce, kuma tana roƙon a yi aikin a cikin gidansa, a gaban iyalinsa, tun daga wanki har rufewa. Malam Isuhu mutum ne mai son ya ga abu da idonsa, ya yarda. Ni mai 'ya'ya uku na durƙusa a tsakar gidan mutane ina girgiza kwalba da toka, Gwaggo na tsaye a kaina tana cewa sake. Ruwan wankin ma ba ta bari ya zube ba, ta tara a kwano aka ba tumakin gidan. Na dafa, na tace, muka jira ya huce har la'asar.

Bayan salla liman ya shigo da Alhaji Bawa da dattawa uku. Gwaggo ta matsa lemun tsami a ƙoƙo, ta barbaɗa garin. Kumfa ya taso yana shuu.

"To, Malam, ga aljanin da ake hwaɗi. Lemun tsami ne da garin farmasi."

"Na gani, Iya. To na gidan Alhaji fa?"

"Wancan ƙazanta ce da kwana. Ko hurar gidanka ka ruhe kwana huɗu cikin zahin ga, ka ga in ba ta juya ba. Laihin ɗiyata ne, ba na sana'a ba."

Na ɗura a gabansu, na rufe. Aka ɗan jira. Liman ya ɓalle da kansa, wannan karon ya nisanta ta da rigarsa. Ya shinshina, ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya ƙara. Gyatsa ta kufce masa, dattawa suka sunkuyar da kai suna dariya. Ya ce alhamdu lillahi, wanda aka yi yau aka sha yau ba kome a cikinsa, kuma zai faɗa a masallaci. Ya ce wa Alhaji ya gaya wa Iya Hajo sallarta na nan, don ba da saninta ta sha ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke kuma, Kulu, kin ga alama kafin Juma'a ko ba ki gani ba?"

"Na gani, Malam."

"To wannan tsakaninki da Allah ne. Ki je ki ba tsohuwa haƙuri."

Na je. Sai da na yi sawu uku kafin ta bari na shiga ɗakinta.

Na zaci an gama. Washegari na tarar da Gwaggo tana jera kwalabena a kwali tana cusa ciyawa a tsakani. Shida ta ware gefe.

"Gwaggo, ina za ki da su?"

"Shida kike da ruwan wankewa, shida za ki yi."

"Da shida zan ci da gida?"

"Da arba'in mi kika ci?"

Aka ɗora mata kwali a mota ta tafi. Da kwalba shidan nan na ƙarasa farin. In ɗebo ruwan laka, in daka 'ya'yan zogale in zuba ya kwanta, in tace, in tafasa. Da lemun tsami ya ɓace gaba ɗaya na koma tsamiya, ba ta kai shi ƙamshi ba amma tana tayar da gas. Mutum ya sha a gabana ya miƙo kwalba, in koma gida in wanke in sake ɗurawa. Masu saye suka dawo a hankali, direbobi da farko, malaman lakol daga baya. Sau ɗaya muke ci a yini, amma ba mu rasa kowa ba. Dudu sai bayan shekara uku na sake ganinta, da awaki, ba saniya ko ɗaya.

Damina ta gaba ruwa ya sauka sosai, tabkin bayan gari ya cika, aka yi shuka. Bayan kamar mako guda mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, direba ya sauke kwali. Na buɗe. Kwalabena ne, ba wadda ta ɓata. Amma yadda na tuttule su a bayan katangar Alhaji haka suke, jan zoɓo ya bushe a ciki ya yi baƙi, ga yanar gizo, har zanzaro ya yi gini a bakin guda biyu. Duk tsawon lokacin nan suna ɗakinta, ko ɗaya ba ta ɗauraye ba.

Na ce wa direban, "Ba ta ba ka wani saƙo ba?"

Ya ce, "Ta ba ni, har ta sa na maimaita kada in manta. Ta ce in gaya miki yanzu akwai ruwa."

Kwana biyu na yi ina wanki.